Yadda Ake Kafa Asusun Tunawa da Mamaci Don Horar da Madugan Matasa

Ranar sadakar bakwai ta malaminmu na sikawut, bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, mu tsofaffin ɗalibansa muka koma ƙarƙashin rumfa muna tambayar juna abin da za mu yi masa. Wani ya ce rijiyar burtsatse, wani ya ce tabarmi da butoci a masallacin unguwa. Duk alheri ne, babu mai musu. Amma bawan Allahn nan rayuwarsa ya ƙarar yana kwasar 'ya'yan mutane yana hawa da su Dala da Goron Dutse, lokacin hutu ya kai su zango bakin Tiga, ya dawo da su gida ko ƙwarzane babu. Shi ya koya mana ɗaurin igiya, da karanta taswira, da ƙirga yara kafin a tashi da bayan an sauka. Can sai wani a cikinmu ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi tsit: "To yanzu wa zai fita da yaran?"

Amsar wannan tambaya ce ta zama ɗan asusun da muke riƙe da shi da sunansa, wanda duk shekara yake biya wa mutum ɗaya ko biyu kuɗin kwas na jagorancin fita daji da hawan dutse da agajin gaggawa. A Amurka da Ingila an saba da irin wannan: in jagoran hawan dutse ya rasu, iyalinsa da abokansa sukan tara kuɗi a makarantar da ya yi aiki, a riƙa ɗaukar nauyin masu tasowa da sunansa. Mu nan Kano ba mu da wanda za mu kwaikwaya, shi ya sa muka sha tuntuɓe.

Aikin kansa kuwa namu ne tun fil'azal. Fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba sa motsawa sai da madugu uban tafiya, da jagaba mai nuna hanya. Madugu shi ya san inda ruwa yake, da kogin da ake ƙetarewa da wanda ake jira ya janye, da inda za a yada zango. Abin da ya sauya shi ne yanzu ana koyar da wannan ilimi a makaranta, ana ba da takardar shaida, kuma ana biyan kuɗin da malamin firamare ba zai iya cirewa daga albashinsa ba.

Mataki na farko: iyalin mamaci, da tsarkin kuɗin

Kada ku buga fom, kada ku buɗe zauren WhatsApp, kada ku karɓi ko sisin kowa kafin ku je gidan mamacin. Sunan mutum amana ce a hannun iyalinsa. Mu sai da muka bari matarsa ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sannan mutum uku suka je tare da babban ɗansa. Daga bakin ƙofa babbanmu ya ce, "Hajiya, izini muka zo nema, muna so mu ci gaba da aikin Malam da sunansa." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ai ku ma 'ya'yansa ne, ku yi. Abu ɗaya na roƙe ku, kada ku buga hotonsa a ƙyalle kuna yawo da shi, bai so haka ba yana da rai." Wannan sharaɗi shi muka fara rubutawa a takardar asusun. Ku ma ku tambaya: da cikakken sunansa za a yi, ko da laƙabinsa? Suna son wakili a kwamiti? Suna son a riƙa gayyatarsu taro, ko addu'a kawai suke so?

Sai batun inda kuɗin zai fito, kuma a nan ne mutanen kirki suke faɗawa haƙƙin wani ba su sani ba. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ce in ɗan Adam ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Irin wannan asusu yana haɗa biyun farko, amma da sharaɗin dukiyar ta halatta. In mamacin ya bar wasiyya cewa a yi, ana cirewa ne bayan an yi masa sutura an biya bashi, kuma ba ta wuce sulusin abin da ya bari sai da yardar magada. In bai bar wasiyya ba, dukiyar ta magada ce. A bari a raba gado, kowane baligi ya ba da abin da ransa ya so daga rabonsa. Rabon maraya ba a taɓa shi, ko da uwarsa ta ce ta yarda, ko da babban wa ya ce "ai Baba ake yi wa." Kuɗin da masu ta'aziyya suka miƙa wa iyali ma nasu ne.

Zakka kuwa tana da gidajenta takwas da aka lissafa a Suratut Tauba. In wani attajiri ya ce zai zuba zakkarsa a asusun, ku kai maganar gaban malami kafin ku karɓa, kuma ko an ba da fatawar karɓa, kada a gauraya ta da sauran kuɗin.

Mataki na biyu: jimla ɗaya

Ku zauna ku rubuta abin da asusun zai yi a jimla ɗaya tak. Tamu ga ta: "Biyan kuɗin horo ga wanda ya riga ya fara jagorantar yara ko matasa zuwa zango, daji, dutse ko bakin ruwa a jihar Kano, domin ya ƙware ya kuma koyar da wasu."

Za ku gode wa wannan jimla nan gaba. Da zarar an ji kuna da asusu, za a zo da kuɗin jarrabawar JAMB, da takardar magani, da gudummawar biki. Kowace buƙata gaskiya ce, kuma mai kawota sau da yawa ɗan'uwan mamacin ne, wanda kunya ba za ta bar ku ku hana shi ba. In akwai rubutacciyar jimla, sai ku nuna masa ita, ku taimaka masa daga aljihunku, asusu ya tsira.

Ku lura da "ya riga ya fara". Wannan tallafi na ƙara wa ma'aikaci ƙwarewa ne. Waɗanda muke nufi su ne shugabannin sikawut a makarantu, malaman motsa jiki, 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ake gani da kaki a filin Idi, malaman Islamiyya masu kwasar ɗalibai zuwa musabaƙa ko ziyara, da masu zagayawa da baƙi a wuraren tarihi. Kuma ku ware wa mata gurbi a rubuce. A garin nan babu uban da zai bar 'yarsa ta kwana a zango in ba mace ce ke riƙe da tafiyar ba. In ba ku horar da malama ba, kun rufe wa rabin yaran ƙofa.

Mataki na uku: a ci duk shekara, ko a dasa?

Hanya biyu ce. Ta farko, a yi karo-karo duk shekara a kashe a shekarar. Misali, tsofaffin ɗalibai 40 kowa ya ba da naira 1,000 a wata, a shekara an sami 480,000. Ta biyu ita ce wakafi, wanda muke cewa hubusi: a tsare uwar kuɗi, a riƙa kashe abin da ta haifa, kamar yadda aka umarci Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara, ya riƙe asali ya sadaukar da amfanin.

Wakafi ya fi daɗin faɗa, amma ku yi lissafi. A ce horon mutum ɗaya, da kuɗin mota da komai, ya tashi naira 400,000, kuma a ce jarinku yana kawo kashi 10 cikin 100 a shekara. Kuna buƙatar miliyan 4 a ajiye kafin ku tura mutum ɗaya. Ko wannan ma lissafin dokin rano ne, domin a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Kuɗin da ya kai mutum kwas a Jos ya dawo da shi bana, baɗi ƙila a hanya zai tsaya. Saboda haka duk wanda ya zaɓi wakafi dole ya riƙa mayar da wani ɓangare na ribar cikin uwar kuɗi.

Ga masu gudun kuɗin ruwa akwai mafita. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Kano tana cikin garuruwa ukun da ya fara buɗe reshe; daga baya TAJBank da Lotus suka biyo. Akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato jarin da ake zubawa ba na kuɗin ruwa ba, wanda aka fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi, ana biyan kuɗin hayarsa sau biyu a shekara. Akwai kuma tsohuwar hanyar iyayenmu, wato shago ko gida a ba da haya. In wakafin gida ne ko fili, ku je Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha ku nemi shawara, a rubuta takarda da shaidu, don kada jikoki su tashi bayan shekara ashirin su ce gidan kakansu ne.

Ni a ganina, ku fara da karo-karo na shekara uku. A lokacin za ku san masu bayarwa na gaskiya da waɗanda zafin rasuwa ne ya sa suka yi alkawari. Mu mun fara da mutum sama da hamsin a zaure, kafin shekara ta zagayo masu turo kuɗi ba su kai rabi ba. Ba laifinsu ba ne, rayuwa ce. Amma da mun gina lissafi a kan hamsin ɗin nan, da mun ji kunya.

Mataki na huɗu: amintattu da rajista

Mutum biyar sun isa: wakilin iyali, wanda ya san aikin daji da gaske, wanda ya iya lissafin kuɗi, malamin addini, da mace ɗaya aƙalla. Kuɗi kada ya kwana a asusun bankin mutum ɗaya, komai amanarsa. In ya faɗi ya mutu, kuɗin ya shiga cikin gadonsa, ku koma kuna rantse-rantse da marayu.

Don buɗe asusu da sunan gidauniyar za ku yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu biyu ko fiye, da tsarin mulki a rubuce, da sanarwa a jaridu biyu na kullum, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan rajista akwai rahoton shekara da ake kai wa hukumar, kada ku manta da shi. A banki ku sa mutum uku, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa hannu. In kuɗinku bai taka kara ya karya ba har ya cancanci wannan ɗawainiya, ku raɓu da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko wata gidauniya mai rajista, ta buɗe muku shafi na daban a littafinta, da yarjejeniya a rubuce.

Mataki na biyar: wane kwas ya cancanci kuɗin mamaci?

A nan muka yi babban kuskurenmu, bari in faɗa don kada ku maimaita. Shekarar farko muka biya wa wani matashi kuɗin wani kwas da aka yi ta tallarsa a Facebook, mai suna mai daɗi, wai na "jagoranci". Kwana uku aka yi a zauren wani otal, da sanyin na'ura da shinkafa da kaza. Ya dawo da satifiket mai zanen zinare. Muka ba shi igiya ya ɗaura tsakanin bishiya biyu, sai ya tsaya yana kallonmu. Laifinmu ne, mu da ba mu tambaya ba.

Yanzu kafin mu biya ko'ina sai mun sami amsar tambayoyi huɗu. Kwana nawa ake yi a fili, kwana nawa a aji? Su waye masu koyarwa, kuma ina suka koya? Ana faɗuwa jarrabawar, ko duk wanda ya biya ya ci? Sannan a ba mu lambar mutum biyu da suka taɓa yin kwas ɗin mu ji daga bakinsu.

Wurin da ya fi kusa da abin da muke nema shi ne Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, wadda kowa ya fi sani da Man O' War. Duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya sha hannun mutanenta a sansani. An kafa ta a 1951 a gaɓar teku a kudancin Kamaru, bisa salon makarantun Outward Bound da Kurt Hahn ya fara a Birtaniya a 1941. Tana da makarantar dutse a tsaunukan Shere kusa da Jos, da makarantar teku a Apapa ta Legas, da ta kurmi a Aluu kusa da Fatakwal. Ga ɗan Kano, Shere ce ta fi dacewa. Ku je da kanku ko ku tura wakili ya karɓo jadawalin kwasa-kwasai da farashi a rubuce. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ga shugaban sikawut, akwai horon manya na ƙungiyar kanta, wadda ta shigo Najeriya tun 1915. Ƙololuwarsa ita ce lambar Wood Badge, 'yan ƙwayoyin icen nan da ake ratayawa a wuya, horon da aka fara a Gilwell kusa da Landan a 1919. Ba a samunta da zaman aji kaɗai, sai mutum ya koma ya yi aiki da yaransa an gani. Ga agajin gaggawa akwai ƙungiyar Red Cross, mai reshe a Kano. Wanda hankalinsa ya karkata ga gandun daji da namun dawa kuma, akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji a New Bussa ta jihar Neja, sai dai wannan dogon karatu ne, ba na ƙaramin asusu ba.

Za ku ji ana ambaton makarantun waje irin su NOLS ta Amurka, wadda Paul Petzoldt ya kafa a jihar Wayomin a 1965. Kwas ɗinsu na agaji a inda asibiti ya yi nisa kashi biyu ne da aka fi sani: ƙarami na awa 16 cikin kwana biyu, da babba na kimanin awa 80, kuma ana sabunta shaidar bayan 'yan shekaru. Abin koyi ne. Amma kuɗin jirgi da biza na mutum ɗaya zai horar da mutane da yawa a Jos, kuma wanda ya koyo yaƙi da ƙanƙara zai dawo ya tarar da zafin Afrilu.

Shi ya sa nake cewa ku auna kowane kwas da abin da yake kashe yara a ƙasarmu. Zafi na farko: daga Maris zuwa Mayu Kano tana kai maki 40 har ta wuce, kuma madugu dole ya gane yaron da ruwan jikinsa ya ƙare kafin ya zube, ya san haɗin ruwan gishiri da sukari ba tare da duba takarda ba, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai maciji, musamman kububuwa, wadda ba banza aka sa mata gobe da nisa ba. Abin da muka gada na ɗaure ƙafa tamau da tsagawa da tsotsewa duk cutarwa yake ƙarawa. A kwantar da wanda aka sara, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Madugun kirki tun kafin ya tashi ya san wane asibiti ne wannan.

Sai ruwa, wanda ya fi su duka ɗaukar rai a ɓoye. Duk damina muna jin kududdufi ya ci yaro a cikin birni. Kuma babu wanda ya manta da ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Tun daga nan na daina ɗaukar iyo da ceto a ruwa a matsayin ƙari. In asusunku abu ɗaya kawai zai iya biya a shekara, ni wannan zan zaɓa, tare da rigunan hana nutsewa.

Mataki na shida: sanarwa da fom

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku fitar da sanarwa wata uku kafin kwas. Ku kai ta ofishin shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin agaji, da makarantun Islamiyya, ku ba da a karanta a rediyo in da hali. Fom ya zama shafi ɗaya, da Hausa, kuma kyauta. Ku tambayi yara nawa yake jagoranta, ina ya kai su a shekarar da ta wuce, wace matsala ya taɓa fuskanta a hanya kuma me ya yi, wane kwas yake so kuma don me. Ku karɓi amsa ko da saƙon murya ne, domin wasu gwanayen daji alƙalami ba ya yi musu biyayya. Ku nemi shaidar mutum biyu, ɗaya shugabansa, ɗaya uba ko uwar wani yaro da ya taɓa fita da shi. Ku kira su da kanku ku yi tambaya kai tsaye a kan halinsa da yara. Wanda za a bar wa 'ya'yan mutane cikin dare a daji, ba a jin nauyin bincikensa.

Mataki na bakwai: tantancewa a kan dutse

Hirar ofis tana zaɓo mai baki. Mu da sassafe muke kiran waɗanda suka kai zagayen ƙarshe gindin Dala, mu ba kowa yara shida zuwa takwas, 'ya'yanmu da ƙannenmu, mu ce ya hau da su ya sauko. Ba ma gaya masa abin da muke dubawa.

Wata shekara muka sami mutum biyu. Namijin ƙaƙƙarfa ne, rigarsa cike da lambobi, ya busa usur ya sa waƙa, cikin 'yan mintoci yana can sama yana ɗaga mana hannu, yara biyu kuwa suna tsakiyar matakala suna haki babu mai kallonsu. Ɗayar malamar Islamiyya ce mai sanyin murya. Kafin ta taka matakala ta ƙirga yaran, ta tambayi sunan kowa, ta tambaya ko akwai mai sikila ko asma ko farfaɗiya. Ta sa mafi ƙanƙanta a gaba, ta roƙi ɗaya daga cikinmu ya tsaya a baya. A rabin hanya ta tsayar da tafiya. Dattijon kwamitinmu ya ce, "Malama, lafiya kika tsaya? Ga su can sun kai." Ta ce, "Baba, yaron nan tun daga ƙasa leɓensa a bushe yake, kuma ya daina surutu. Bari ya sha ruwa tukuna." Da suka kai sama ta sake ƙirgawa, da suka sauko ta sake. Ba mu yi wata doguwar muhawara ba.

Ku ma ku shirya 'yar dabara: wani babba ya yi kamar ya gurɗe ƙafa, ku ga ko mai neman zai bar sauran yaran su watse yayin da yake duba shi. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, don kada muryar babba ta danne ta saura. Wanda ɗan'uwansa ko ɗalibinsa yake cikin masu nema ya koma gefe. Waɗanda ba su samu ba kuma a kira su a waya a gaya musu dalili, a ce su dawo baɗi. Mai usur ɗin nan ya dawo, kuma a karo na biyu shi ne a bayan layi.

Mataki na takwas: biya da yarjejeniya

Kuɗin kwas a tura shi kai tsaye asusun makarantar, a karɓi rasit. Ba zargi ba ne; mutum yana da iyali, in kuɗi ya kwana a hannunsa yaro ya tashi da zazzaɓi, ya san abin da zai yi, kuma babu mai ganin laifinsa. Abin da za a ba shi a hannu shi ne kuɗin mota zuwa da dawowa, da na takalmi da jaka, da ɗan abin cefane da zai bar wa gida. Wannan na ƙarshe mutane suna mantawa da shi, alhali shi ne yake hana talaka tafiya ko an biya masa komai. In mace ce, ku zauna da mijinta ko mahaifinta tun da wuri, ku tabbatar da masaukin mata a can, in ta kama ku biya wa muharrami kuɗin mota.

Ku taya shi neman izini a wurin aiki da wasiƙa daga kwamiti. Tafiya kuma ta zama da rana. Hanyar Jos ta bi ta dajin Falgore, kimanin kilomita 150 kudu da Kano, kuma a yanayin tsaron da ake ciki ba a shiga daji, da yara ko babu yara, sai an ji ta bakin hukuma da jami'an gandun daji da masu unguwannin yankin.

Yarjejeniyar shafi ɗaya ce. Zai kammala kwas ya kawo shaida. Cikin wata shida zai koyar da aƙalla mutum goma abin da ya koyo, kyauta. Zai ci gaba da aiki da yara a jihar na shekara biyu. In ya fasa ba da uzuri ba, zai mayar da kuɗin a hankali. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa.

Bayan an dawo

Sau ɗaya a shekara, a ranar da iyali suka zaɓa, muna haɗuwa a tsakar makarantar da Malam ya koyar. Babu rumfar haya, babu mawaƙa. Ana sauke Alƙur'ani a yi masa addu'a, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har kwabo, sannan wanda aka tura ya tashi ya nuna a aikace: ya ɗaure karaya da sanda da ƙyalle, ya kafa tanti, ya nuna yadda ake jefa wa mai nutsewa igiya ko jarka daga bakin ruwa ba tare da an faɗa an zama gawa biyu ba. Wannan nunin shi yake sa masu karo-karo su sake turo kuɗi, fiye da duk wata tunatarwa a zaure. Kwafin rahoton kuma ana kai wa Hajiya har gida, a karanta mata.

Kayan aiki, wato tantuna da igiyoyi da akwatin agaji da rigunan ruwa, mallakar asusu ne, ana ara ana sa hannu a littafi. Igiyar hawa tana tsufa ko ba a yi amfani da ita ba, rana da ƙura suna cinye ta, saboda haka a rubuta ranar da aka saye ta, a adana ta a inuwa, in ta fara gashi a yanka ta a yi shanya da ita. Magungunan akwatin agaji a duba kwanan watansu kafin kowace fita. Bayan shekara biyu ko uku ku mayar da tsofaffin da kuka horar su sabunta agajin gaggawa, domin hannu yana mantuwa, kuma daga cikinsu za ku ɗauko sababbin 'yan kwamiti yayin da na farko suka fara gajiya.

Abu na ƙarshe da za ku sa a tsarin mulkin, tun kuna da ƙarfi kuna shiri da juna, shi ne abin da za a yi in asusun ya tsaya. Dokar rajistar amintattu ba ta yarda mambobi su raba abin da ya rage a tsakaninsu ba, sai dai a miƙa shi ga wata ƙungiya mai irin manufar. Ku ambaci sunanta tun yanzu. A namu an rubuta cewa in aka yi shekara uku a jere ba a tura kowa ba, ragowar kuɗi ya tafi horar da 'yan agaji iyo da ceto, tantuna da igiyoyi kuma su koma ɗakin sikawut na firamaren da Malam ya fara koyarwa, a damƙa mabuɗin a hannun hedimasta gaban shaidu.